Yadda Za Ka Fara Fodkas a Kumasi Ka Riƙe Shi Ba Tare da Jiran Sai Komai Ya Cika Ba

Daga Aboabo zuwa Asawase har Sawaba akwai matasa da yawa da suka raɗa wa shirinsu suna, suka zana masa tambari, suka gaya wa abokai "yana nan tafe", amma har yau ba a ji muryarsu ba. Akwai kuma waɗanda suka saki kashi biyu ko uku da zafinsu, daga nan sai tsit. Na zauna da irin waɗannan mutane sau da yawa, kuma abin da na gani shi ne ciwon nasu ɗaya ne. Sun ɗora wa kansu aikin da sai a makon da babu biki, babu rasuwa, babu dumso (wato ɗauke wutar lantarki), babu gajiya zai yiwu. Irin wannan makon kuwa ba ya zuwa a zango. Don haka abin da zan koya maka shi ne yadda za ka tsara shirin da za ka iya fitarwa ko a makon da ya fi kowane matsi.

Fodkas shirin sauti ne da ake ɗorawa a intanet kashi-kashi, mai sauraro ya ji lokacin da ya ga dama. Abin da kake buƙatar sani ke nan kafin ka soma.

Kayan aiki

Wayar da ke hannunka, muddin tana da sarari. Naɗin minti 20 a tsarin WAV yana cin wajen MB 100, saboda haka ka share abin da ba ka buƙata tun kafin ranar ɗauka.

Makirfo. Na maƙalawa a riga irin Boya BY-M1 ya isa mafari, kuma ana samun irinsa a shagunan kayan waya na Adum. Yana da ɗan maɓalli da ke raba tsakanin waya da kyamara, ka tabbata yana ɓangaren waya. Idan wayarka ba ta da ramin abin kunne, sai ka haɗa da ɗan mahaɗin da zai shiga ramin caji, kuma ka gwada shi a shagon kafin ka biya ko sidi ɗaya. Idan babu kuɗin makirfo, wanda ke jikin igiyar abin kunne yana aiki. Idan shi ma babu, makirfon wayar kanta yana yi, sai dai ka ɗora ta a kan littattafai daidai bakinka, kada ka riƙe ta a hannu. Masu hali su nemi irin Samson Q2U, domin yana ɗaukar abin da ke kusa da shi ya bar na nesa, wanda a unguwanninmu babban abu ne. Amma kada ka jinkirta farawa saboda shi.

Abin kunne don sauraron abin da ka naɗa. Fawa bank. Manhajar naɗin murya, ko wadda ta zo da wayar. Audacity, manhajar gyaran sauti, idan kana da kwamfuta, kyauta ce. Idan babu kwamfuta, manhajar yanka bidiyo irin CapCut tana yanka sauti a waya. Sai littafi da biro, waɗanda a ganina sun fi makirfo muhimmanci. Sai bargo ko darduma mai kauri.

Gargaɗi tun a nan: sayen kaya yana sa mutum ya ji kamar yana aiki alhali bai fara ba. Ka yi wa kanka doka cewa ba za ka ƙara sayen komai ba sai kashi na 10 ya fita.

1. Rubuta shirin a jimla ɗaya, sannan ka jera batutuwa 20

Jimlar ta faɗi wa kake yi wa magana, a kan me, da yaushe. Misali: "Kowace Asabar ina hira da masu sana'a na zangon Kumasi, na minti 15, don matasan da ke neman abin yi." Idan jimlar ta ƙi rubutuwa, shirin bai nuna ba tukuna. "Zan yi magana a kan rayuwa" ba shiri ba ne.

Daga nan ka zauna ka rubuta batutuwa 20 a zama ɗaya. Tela a makon Sallah, mai ƙosai da ke tashi kafin asuba, makanikin Suame Magazine, 'yar kasuwar Kejetia, dattijon da ya gaji fataucin goro daga kakanninsa da suka bi hanyar Salaga, malamar makarantar allo, direban pragya, wato keke mai ƙafa uku na ɗaukar fasinja. Idan ka tsaya a na bakwai ka rasa na takwas, batun ya yi ƙunci, ka faɗaɗa shi. Wannan jerin shi zai cece ka ranar da ka tashi kanka babu komai.

Sunan shiri kuma ka ba shi kwana 3, ba ƙari. Ka bincika a Spotify da YouTube ko wani ya riga ka, ka zaɓa, ka wuce. Ana iya canza suna daga baya.

2. Zaɓi tsawo da tazarar da za ka iya a mummunan mako

Nan ne yawancin mutane suke karya kansu. Sun saba jin manyan shirye-shirye na awa guda, sai su ɗauka haka ake yi, sun manta waɗancan suna da ma'aikata. Kai kaɗai ne, ga aiki ko makaranta, ga hidimar gida.

Ka fara da minti 10 zuwa 20. Ka lissafa lokacin da kashi ɗaya zai ci: shiri awa 1, ɗauka minti 40, gyara awa 1, ɗorawa da sanarwa minti 30. Wajen awa 3 ke nan. Tambayi kanka tsakani da Allah, kana da awa 3 a kowane mako har da makon da aka yi rasuwa a gidanku? Idan amsar a'a ce, ka yi kashi ɗaya duk mako biyu. Babu abin kunya a ciki. Mai kokon da ke bakin layinku ba don kokonta ya fi na kowa ake layi a gabanta ba, don an san kullum da safe tana nan ne. Ranar da aka zo ba a same ta ba sau biyu, sau uku, sai a koma wajen wata.

Ka tsayar da rana da lokaci, ka faɗa a cikin shirin. Idan kana sa ran masu sauraro daga Najeriya da Nijar, ka tuna suna gabanmu da awa ɗaya.

3. Rubuta ma'aunin "ya isa" kafin ka naɗa komai

Wannan matakin shi ne zuciyar maganar, zan ɗan daɗe a kansa.

Mai son sai abu ya fita babu aibu ba shi da wurin tsayawa, domin bai taɓa faɗa wa kansa inda aikin ya ƙare ba. Duk sauraro sai ya ji sabon abu: numfashi a nan, "eh to" a can, kalmar da da an canza ta ta fi daɗi. Maganinsa shi ne a tsayar da ma'auni tun kafin a ji naɗin, lokacin da zuciya ba ta shiga ba. Ka rubuta tambayoyi huɗu a shafin farko na littafinka:

Ana jin kowace kalma ba tare da an ƙure sauti ba?
Abin da na faɗa gaskiya ne, kuma na tabbatar da sunaye da shekaru?
Akwai abin da zai ci mutuncin wani ko ya tona asirinsa?
Mai sauraro zai tashi da abu ɗaya da zai amfane shi?

Idan amsoshin sun zama e, e, a'a, e, kashi ya fita. Ba a ƙara tambaya ta biyar.

Ka lura ban ce a yi sakaci ba. Akwai abin da ba a sassauci a kansa: aya ko hadisin da aka kawo ba daidai ba, maganar lafiya da ba ta da tushe, sunan mutum da aka jingina wa abin da bai yi ba. Waɗannan ka tsananta, ka tambayi malami ko ma'aikacin lafiya, in ka kasa tabbatarwa ka yanke wurin. Amma kukan zakara a bayan gida, ko tuntuɓen harshe, ko dariyar da ta kuɓuce, ba su cikin wannan sahu. Kuskuren da nake gani kullum shi ne a ɓata awa uku ana goge numfashi, a bar shekarar da aka faɗa ba daidai ba.

Sai maganar harshe, wadda take hana mutanenmu da yawa buɗe baki. Yaro ya tashi a Moshie Zongo, Hausarsa ta gauraya da Twi da Turanci, sai ya ji kunya wai ba irin ta Kano ba ce, ba irin wadda ake ji a rediyon ƙasashen waje ba. Sai ya tsaya gyara baki, muryarsa ta bushe, ya koma kamar mai karanta takarda. Ɗan'uwa, yi magana da Hausar da kake yi da mahaifiyarka. Waɗanda kake yi dominsu ita suke ji, kuma mutanen Kano da Zinder da za su ci karo da shirin, abin da zai riƙe su shi ne jin yadda ake magana a Kumasi. Idan ka kawo kalmar Twi da kake jin baƙo ba zai gane ba, ka bayyana ta a taƙaice ka ci gaba.

4. Gyara wuri da lokacin ɗauka

Ɗaki ƙarami mai katifa, labule da kaya a rataye ya fi babban falo mai tayil, domin bango tsirara yana mayar da murya. Tafa hannu sau ɗaya ka saurara. Idan ka ji amsa-kuwwa, rataya bargo a bangon da kake fuskanta, ka shimfiɗa darduma. Kashe fanka, ka matsa daga firji. Zafi zai dame ka na minti 20, amma ƙarar fanka ba ta fita da kyau a gyara.

Lokaci ya fi wuri wahala a zango. Ka san jadawalin unguwarku: kiran salla daga masallatai da yawa, pragya da aboboya mai ɗaukar kaya a kan titi, injin niƙa, yara in an tashi makaranta, janareton maƙwabci in an ɗauke wuta. Bayan sallar asuba kafin gari ya waye sosai, ko bayan isha'i da kamar awa biyu, su suka fi shiru a yawancin wurare. Idan kiran salla ya same ka kana ɗauka, tsayar, ka amsa, ka je ka yi salla, ka dawo ka ɗora daga jimlar da ka tsaya. A damina, wato daga wajen Maris zuwa Yuli da kuma Satumba zuwa Nuwamba, ruwa a kan rufin kwano yana cinye murya gaba ɗaya, babu dabarar da za ta gyara shi, sai jira. Da hunturu kuma maƙogwaro yana bushewa, ka aje ruwan ɗumi kusa.

Idan gidanku ba ya yin shiru ko kaɗan, cikin mota a rufe da inji a kashe wuri ne mai kyau ƙwarai. Ajin makaranta ranar hutu ma yana yi in ka zauna a lungu ka rataya bargo.

5. Ɗauka

Rufe layin wayar gaba ɗaya, kada kira ya katse ka. Maƙala makirfo a ƙirji kamar taƙi ɗaya ƙasa da haɓa, ka tabbata mayafi, carbi ko sarƙa ba sa gogarsa. Naɗi daƙiƙa 20 na gwaji, ka saurara da abin kunne. Kada ka tsallake wannan ko da ka yi sau ɗari, domin ranar da ka tsallake ita ce ranar da mahaɗin bai shiga daidai ba.

Kafin ka fara magana ka bar daƙiƙa 10 na shiru. Za ka buƙace shi wajen rage hayaniya.

Kada ka rubuta duk abin da za ka faɗa kalma da kalma. Rubuta kanun magana biyar ko shida, da jimlar buɗewa da ta rufewa. Idan ka yi tuntuɓe, kada ka tsayar da naɗin ka koma farko. Yi shiru, tafa hannu sau ɗaya, maimaita jimlar, ci gaba. Tafin zai fito a matsayin dogon layi a hoton sautin, ka gane wurin yankewa nan take. Dokar da nake ba kowa: ɗauka sau biyu ne iyaka. Na uku ba ya fin na farko, sai dai ya fi shi gajiya.

Idan da baƙo, musamman dattijo ko malami, ka je ka gaishe shi tun kafin ranar, ka bayyana masa cewa muryarsa za ta shiga intanet kowa ya ji, har da na ƙasashen waje. Ka nemi izininsa, ka naɗi amincewar a farkon ɗauka. Ghana tana da dokar kare bayanan mutane ta 2012, amma tun kafin doka akwai amana. Idan bayan hira ya ce, "Ɗana, wancan wurin cire shi," ka cire ba tare da gardama ba. Idan makirfo ɗaya ne, ku zauna kusa ka aje shi tsakaninku, ya ɗan fi kusa da mai ƙaramar murya.

6. Gyara da agogo a gabanka

Sa ƙararrawa: minti 3 na gyara a kan kowane minti 1 na shiri. Kashi mai minti 20, awa 1. In ta buga, ka gama.

Bi wannan jeri, sau ɗaya tak. Ajiye kwafin asali a wani wuri. Yanke farko da ƙarshe, amma bar shirun nan na daƙiƙa 10 sai ka gama rage hayaniya. Bi wuraren tafi ka cire kurakurai. Cire abin da ma'auninka ya hana. A Audacity, zaɓi shirun nan na daƙiƙa 10, shiga Noise Reduction ka nuna mata shi a matsayin samfurin hayaniya, sannan ka zaɓi duka naɗin ka rage. Yi a hankali, in ka matsa da yawa murya tana komawa kamar daga cikin rijiya. Daga nan daidaita ƙarfin sauti ta Loudness Normalization zuwa -16 LUFS, wanda shi ne abin da Apple ke ba da shawara. Idan a waya kake, ka gwada ƙarfin naka da na wani shirin da ka sani, ka ɗaga ko ka rage har su yi kusa.

Fitar da shi a MP3, layin sauti ɗaya, 64 kbps. Minti 20 zai zama wajen MB 10, kuma ga magana zalla hakan ya wadatar. Ka tuna mai sauraronka da kuɗinsa yake sayen data.

Kiɗan buɗewa ba dole ba ne. Kada ka ɗauki waƙar wani ka sa don kana son ta: dokar haƙƙin mallaka ta Ghana ta 2005 tana nan, ga kuma GHAMRO, ƙungiyar da aka kafa don karɓa wa mawaƙan Ghana haƙƙinsu, kuma Spotify da YouTube suna iya sauke kashi saboda haka. Sallama da sunan shiri da bakinka sun isa. In kana son sauti, YouTube na da ɗakin ajiyar kiɗan da aka yarda a yi amfani da shi.

Saurara sau ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, kana tafiya ko kana wanki, ba kana kallon allo ba. Kusan kowa yana ƙin muryarsa in ya ji ta a naɗe, domin ka saba jin ta ta cikin ƙasusuwan kanka, inda take fin kauri. Mutane kuwa wadda ke cikin naɗin suka sani tun da daɗewa, kuma ba su guje ka ba.

7. Tara uku kafin ka saki ɗaya

Kammala kashi 3 kafin ka sanar da kowa. Saki na farko, biyu su zauna a ajiya. Daga nan kullum kana aiki ne a kan kashin da zai fita nan da mako biyu. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai ko aka yi tafiyar gaggawa, ajiyar ta rufa maka asiri. In ka ci ɗaya daga ciki, ka mayar da shi a makon da ka samu sarari. Uku na ce, ba goma ba. Masu cewa sai sun tara goma galibi wata hanyar jinkiri suka samo.

Wurin ɗorawa: Spotify for Creators, wanda a da ake kira Anchor, kyauta ne, kuma yana ba ka adireshin RSS, wato adireshin shirinka da sauran manhajoji ke jawo sababbin kashi daga gare shi, wanda za ka miƙa wa Apple Podcasts sau ɗaya, daga nan kowane sabon kashi ya riƙa zuwa da kansa. Hoton shiri ya zama murabba'i, tsakanin pixel 1400 da 3000 a kowane gefe, rubutu babba da za a iya karantawa a ƙaramin allo. Google Podcasts an rufe shi a 2024, kada ka ɓata lokaci nemansa. Ka ɗora a YouTube ma da hoto ɗaya a tsaye. Amma gaskiyar zango ita ce WhatsApp: yawancin iyayenmu da 'yan kasuwa a nan za su ji ka. Yanki daƙiƙa 30 mafi daɗi ka sa a status, ka aika cikakken fayil ga waɗanda ba sa shiga Spotify. Waɗannan ba za su fito a lissafi ba, amma masu sauraro ne.

Yi amfani da damar tsara ranar fita tun da wuri. Ka ɗora ranar Alhamis, ka sa ya fita Asabar da kansa, don dumso ko matsalar layi kada su karya maka alkawari.

8. Riƙe shi

Raba aikin a kan ranaku tsayayyu: Litinin kanun magana da kiran baƙo, Laraba ɗauka, Alhamis gyara da ɗorawa. Idan ka samu safiya mai shiru, ɗauki kashi biyu a zama ɗaya.

Samu mutum ɗaya, aboki ko yaya, wanda zai tambaye ka ranar Alhamis da dare, "An ɗora?" Ba mai gyara maka kake nema ba, mai tambaya kake nema. Kada ka ba mutum biyar su saurara kafin ka saki, za ka samu ra'ayi biyar masu karo da juna ka rasa na bi.

Lissafin masu sauraro ka duba shi sau ɗaya a wata. A farko adadin zai yi ƙanƙanta, kuma duba shi kullum yana kashe gwiwa ba tare da ya koya maka komai ba. Abin da ya fi amfani shi ne bayan kowane kashi ka rubuta abu ɗaya tak da za ka inganta a na gaba: yau na katse baƙo da yawa, ko gabatarwata ta yi tsawo. Wanda ya riga ya fita ka bar shi, sai dai idan kuskuren gaskiya ne, shi kuma ka gyara shi da bakinka a farkon kashi na gaba.

Yi shirin zubi-zubi. Kashi 8 ko 10, sannan hutun mako 3 da ka sanar tun da wuri tare da ranar dawowa. Ka dubi kalanda ka daidaita hutun da goman ƙarshe na azumi, makon Sallah, ko lokacin jarrabawa in ɗalibi ne kai. Wanda ya ce "sai ranar kaza" ana jiransa, wanda ya ɓace ba sallama ana mantawa da shi.

Idan duk da haka mako ya kuɓuce maka, kuma ajiya ta ƙare, kada ka ce sai ka dawo da wani gagarumin kashi da zai biya bashin. Wannan tunanin ne yake mayar da mako ɗaya wata shida. Buɗe littafinka, ɗauki batu mafi sauƙi a jerin nan na 20, yi minti 7 kai kaɗai ba baƙo, ba da haƙuri a jimla ɗaya, ka shiga magana. Ka auna shi da tambayoyin nan huɗu, ka tsara shi ya fita a ranarka ta kullum, sannan a makon da ya biyo ka ɗauki biyu don ajiyar ta fara dawowa.